Shekarar da Hannun Uwata Ya Kai Kunne

A ƙauyenmu, can bayan Daudawa, ba a tambayar shekarun yaro in za a sa shi makaranta. Wa ya riƙe shekarun wani? Uwa ta ce ana yankan dawa ta haife shi, uba ya ce a'a, da azumi ne. Saboda haka tun muna yara hanya ɗaya ake bi. Ranar da aka dawo daga dogon hutu sai a jera sabbin yara a gindin mangwaron makaranta, hedimasta ya ce kowa ya ɗora hannun dama ta bisa tsakiyar kai ya kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya shiga aji ɗaya. Wanda bai kamo ba ya koma gida ya ƙara cin tuwo sai wata shekara. Ni ma haka aka yi mini, na ɗan karkata kai don in yi satar kamu, aka daidaita mini shi da ranƙwashi.

Ina son ranar nan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya so ta. Lokacin masara ta isa gashi, ruwa ya fara ja da baya, filin makaranta ya cika da ciyawa har gwiwa. Manyan yara su zo da fartanya, 'yan mata da tsintsiya, a yi ta nome fili ana share kashin awakin da suka yi hutunsu a cikin aji. Ba a karatu ranar, sai ihu in an tono kunama. Ga tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a reshen mangwaro, in an buga shi har shagona ake ji. Ni tela ne, makon nan kuwa ko barcin kirki ba na samu, don mutanenmu ba sa tuna yaro ba shi da riga sai ana gobe komawa.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na iya kiran sunan, sai dai in ce Uwata. 'Yar ƙarama ce kamar ba a ba ta abinci, amma bakinta ya fi jikinta girma. Tun tana bin yaran maƙwabta har bakin makaranta ana koro ta take cewa ita ma ta isa. Da na ga ta kusa, na yanko yadi tun da sauran hutu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗinka mata riga da wando da ɗan hijabi, na bar kalmasa mai faɗi a ƙasan rigar da ƙafar wandon yadda za a riƙa kwancewa in ta ƙara tsawo. Uwarta ta ce wannan kalmasa ai ta isa wata rigar. Na ce mata ta bar ni, karatu za a daɗe ana yi.

Ranar komawa na riƙo hannunta muka je. Hedimastanmu dattijo ne, shi ya koyar da ni, har yau in ya dube ni sai in ji kamar ban yanke farce ba. Ya bi layi yana duba yara har ya zo kanta. Ta ɗora hannu, ta miƙe, ta cije leɓe, yatsunta suna rawa a saman kunnen. Abin da ya rage bai fi faɗin yatsa ba.

Na ce, "Malam, a duba dai. Ɗiyar nan ta fi rabin waɗanda suka kamo wayo."

Ya ce, "Wayo daban, kai daban. In na ɗauke ta, mi zan ce ma wanda na maida gida yanzun nan? Baɗi in Allah Ya kai mu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don a lokacin ma mun fara jin labarin ɓarayin daji a ƙauyukan da ke bakin dajin, kuma na san baɗi ba a aljihun kowa take ba. Amma ba a musu da wanda ya koya maka baƙi da wasali. Muka juyo. Ba ta yi kuka ba sai da aka buga ƙarfen nan muna kan hanya.

Shekarar nan kaf Uwata ba ta da aiki sai hannunta. Ta riƙa lilo a reshen dalbejiyar ƙofar gida wai don ya miƙe. Ta sa uwarta ta ja mata shi bayan wanka. Yarinyar da sai an yi faɗa take cin tuwo ta koma neman ƙari. Kullum da safe kafin in buɗe keke sai ta tsaya a gabana ta ɗora hannu ta ce, "Baba, duba." In ce saura kaɗan. Ta ce jiya ma haka na ce. Wajen babbar Sallah wata safiya yatsanta ya sauka kan kunnen sosai, ba karkata kai, ba ɗage kafaɗa. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta ruga gidan hedimasta ta nuna masa. Ya yi dariya ya ba ta gyaɗa, ya ce ta adana kunnen sai an dawo hutu.

Daminar nan ce abin ya iso mu. In dawa ta yi tsawo mutum ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya zo kansa, ɓarayin kuwa sun san haka. Aka fara ɗaukar mutane a gona. Aka tare hanyar kasuwar Mairuwa. Malamanmu biyu da ke zuwa daga Funtua a kan mashin suka aiko cewa iyalansu sun hana su, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka ranar komawa na kwance kalmasar farko, na goge kayan da dutsen guga, muka kama hanya ni da ita. Na san abin da zan tarar. Ban dai san yadda zan gaya mata a gida ba ne.

Ciyawa ta kai mata wuya. Ba fartanya ko ɗaya, ba tsintsiya, awaki ne kawai a aji uku. Hedimasta na zaune shi kaɗai a kan benci a gindin mangwaro, ya sa babbar rigarsa ta ranar komawa. Da ya gan mu ya miƙe kamar an kama shi da laifi. Uwata ba ta jira an ce mata komai ba, ta tsaya a inda layi yake tsayawa ta kamo kunnenta.

Ya duba da kyau kamar yadda yake duba kowa, ya ce, "Kin isa."

Ta ce, "To a buga ƙarfen."

Ya dube ni. Ya ce da ni a hankali, "Wa zai tara ɗiyan mutane wuri ɗaya a wannan zamani? In na buga, su wa na kira? Ni kau na zo ne don kar a ce ranar ta wuce ba kowa."

Na so in ce masa da ya ɗauke ta bara da ko baƙaƙen farko ta samu. Maganar ta zo har bakina. Sai na ga yadda ya dogara da sandarsa, na haɗiye ta. Har muka fita daga filin tana waiwayen ƙarfen.

Ba mu yanke dawarmu ba a shekarar. Da aka shiga ƙauyen da ke kusa da mu da rana tsaka, washegari garinmu ya watse. Na kwance kan keken ɗinki na ɗaure a bayan mashin, na bar ƙafarsa a shago. Uwarta ta ɗauki tukwane da ƙaramin goyo. Ita kuwa Uwata da aka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya, kayan makarantarta ta ƙunsa a ɗankwali.

A Faskari aka sauke mu a wata firamare, a azuzuwan baya waɗanda iska ta yaye wa rabin kwano. Mu da wasu iyalai muka raba aji ɗaya da zannuwa, har da mutanen wajen Sabuwa da suka riga mu zuwa. Rabonmu ya faɗo daidai ƙarƙashin allo. Da muka shimfiɗa tabarma ta shafa allon da tafin hannu ta ce, "Baba, ga shi mun shiga aji." Mutane suka yi dariya. Ni fita na yi, don ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba.

A azuzuwan gaba karatu na tafiya yadda aka saba. Kullum tana jikin taga tana jin yaran gari suna bin malami da baki ɗaya, har ta haddace waƙar da suke yi in za a tashi. Na je na yi magana, aka ce shekara ta yi nisa, in bari sai an dawo dogon hutu. Muka bari. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma waɗanda suka faɗi haka ba su ga yadda yarinya ke tsawo ba. Kafin hutun ya ƙare na kwance sauran kalmasar gaba ɗaya, rigar ta tsaya mata cif, ba abin da ya rage a ciki.

Ranar komawa ta zo, irin ranar da nake so ɗin nan. Ga yara da tsintsiya, ga warin ciyawar da aka nome. Muka shiga layi, ita kaɗai da launin kayan wata makaranta, ta fi duk na layin tsawo. A nan ba gindin bishiya ake yi ba, tebur ne a baranda, da wata malama matashiya mai fara'a wadda gumi ya riga ya jiƙa. Ta tambaye ni takardar haihuwa. Na ce a garinmu ba mu da ita. Ta tambayi unguwarmu, na nuna mata azuzuwan baya. Ta ce aji ɗaya ya cika har yara na zama a bakin ƙofa, kuma an ce 'ya'yan masu gudun hijira za a yi musu nasu tsarin daban, ana nan ana shiri.

Uwata ta ga magana na neman lalacewa. Ta matsa gaban tebur, ta miƙe tsaye sosai, ta ɗora hannu ta bisa kai ta kamo kunnen. Yanzu har yatsun sun wuce shi sun kai muƙamuƙi. Ta tsaya haka tana kallon malamar, tana jira a gani.

Malamar ta dube ta da tausayi ta ce, "Baba, kunnen ke mata ciwo? A kai ta asibiti, kar a bari ya yi ruwa."

Na matsa in yi mata bayani. Na bayanmu suna turo mu. Malamar ta ce, "Ku yi haƙuri, ku sake tuntuɓa baɗi." Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Na ɗora hannuna a kan na Uwata na sauke mata shi.

Tun daga ranar ba ta sake cewa in duba ba. Kayan ma ta daina tambaya, suna cikin buhu tare da kan keken da har yau ban samo masa ƙafa ba. Hedimastanmu na ji yana Ƙanƙara wurin ɗansa, ba ya gani sosai. Ƙauyenmu kuwa waɗanda suka leƙa sun ce mangwaron na nan, ƙarfen ne dai wani ya kwance.

Kwanan baya na dawo da la'asar daga inda nake taya wani tela aiki, na tarar da ita a gaban allonmu ta jera ƙananan yaran azuzuwan baya, har da ƙaninta da aka zo da shi a goye. Ta riƙe karan dawa kamar sandar hedimasta. Kowa ya ɗora hannu bisa kai, tana bin layi tana dubawa da kyau, tana daidaita kan mai satar kamu. Akwai wani yaron mutanen Damari da ya kamo nasa sarai, yana ta washe baki. Ta tsaya a gabansa ta daɗe tana dubawa.

Yaron ya ce, "Ai na kamo."

Ta ce, "Na gani. Baɗi in Allah Ya kai mu." Ta wuce kan na gaba.