Ranar da Na Ciro Maigidana daga Cikin Inji

Shekarar da aka ja mana wutar lantarki a unguwarmu Nyanshegu ke nan, damina biyu bayan rasuwar maigidana, tun iska ba ta kayar da mangwaron ƙofar gidanmu ba. Babban ɗana ya sayo bidiyo a Kumasi, irin wanda ake cusa wa kaset a baki. Mu kuwa kaset ɗaya gare mu, na walimar dawowar ubansu daga Makka. Nan kaɗai muryarsa ta rage a duniya.

Wata Juma'a bayan la'asar muka kunna. Ga maigidana yana dariya, ya ɗaga hannu zai yi magana, sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo, injin ya yi ta gurnani, ya tofo rabin kaset, ya riƙe saura. Baƙin zaren kaset ɗin duk ya nannaɗe a ciki.

'Ya'yana biyu mahauta ne kamar ubansu, kuma shigowarsu ke nan daga mayanka. Babban ya zare wuƙarsa.

"A yanke zaren kawai, injina ya huta."

"Yaya, Baba za ka yanka?" in ji ƙaramin. "Wallahi sai dai in farfasa akwatin banzan nan naka."

"Taɓa ka gani, ɗan iska."

Ƙaramin ya rarumo gatarin saran ƙashi. Babban ya tare shi da kai, ƙum, a baki. Haƙora biyu suka faɗo kan tabarma. Shi kuma ya maka wa yayansa ƙotar gatari a kunne, jini ya tsarto har jikin labule. Suka kife da tebur. Matansu na ihu, ba wadda ta matso. Da na ga wuƙa ta yi sama, ban san wa za ta samu ba, ƙani ko zare, sai na cafke ta ta kaifi. Ta shige tafina. Ban saki ba. Da ɗaya hannun na wanke kowannensu da mari.

"Mma, hannunki!" in ji babban.

"Yi mini shiru. Zare wayar nan daga bango."

Na ɗaure tafin da ɗankwalina. Da tsinin wuƙar nan na kwance murfin injin. Ni ban san boko ba, amma tun ina budurwa nake gyaran kayan ciki, kuma ku tambaya a kasuwa ko an taɓa ganin na fasa matsarmama. Abin da na gani a ciki hanji ne. Hanji kuwa ba a fizgarsa, bin sa ake yi. Na bi shi da ɗan yatsa, ina ɗaga shi daga duk ƙarfen da ya maƙale, har kaset ya fito yana jan zarensa. Ya ƙi naɗuwa, sai da na tura tsinken tsintsiya a wani ɗan rami a ƙasan kaset ɗin ya saki. Na naɗe a hankali.

Zare bai tsinke ba, inji bai mutu ba. Sai dai jinina ya zubo ta ɗankwalin ya ɓata kamu guda na zaren, daidai inda maigidana ya ɗaga hannu. In an zo wurin, hoto ya yi ta rawa, murya ta shaƙe. Dariyarsa na nan. Abin da zai faɗa ne ba mu sake ji ba, kuma ba wanda ya riƙe shi a ka.

Yanzu babban ya rasu, matarsa ma. Ƙaramin na nan unguwar Choggu da giɓinsa, har yau bai yarda an cike masa ba. Sai ni, da yatsu biyun da ba sa lanƙwasuwa tun ranar.