Ranar da Mumini Ya Je Babu Saƙo

A ƙauyukan arewacin Ɗambatta, in ka ce Malam Abdulmumini sai a tambaye ka wanne. Ka ce Mumini Mai Keke kuwa, sai ka ga fuska ta sauya. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gyaɗa. Abin da ya raba shi da sauran mutane ɗaya ne: shi ake aika da saƙon rasuwa.

Tun yana saurayi abin ya same shi, lokacin shi kaɗai ke da keke a ƙauyensu, Gidan Maje. Da an yi rashi sai a ce a kira Mumini, ya ɗaure bakin wando ya kama hanya, wani lokacin har bayan duwatsun Kazaure. Kuma yana da yadda yake yi. Ba ya faɗa wa mutum gida ya yar masa da magana kamar dami. Zai jingine keke, ya sha ruwa, ya tambayi damina, ya tambayi awaki, ya bari a yi salla. Sai ya ga zuciya ta ɗan kwanta sannan ya faɗa, a hankali. Ba irin yaran yanzu ba, da za su buga wa tsohuwa waya tana tsakiyar daka su ce, "Baba ya rasu," su kashe. Wannan ina tarbiyya a ciki?

Amma aikin ya ci masa wani abu. Mutane suka tsorata da kekensa. Ba wanda ya taɓa ba shi goron suna ya kai. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yayarsa Kulu, wadda aka aurar can cikin duwatsu wajen Roni. Duk zuwan da ya yi gidanta da mutuwa ya je: ta babansu, ta innarsu, ta wansu. A zuwan ƙarshe ta ce masa, "Mumini, tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa ganin fuskarka na yi dariya ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya masa kamar ƙayar kifi.

Bara da kaka ƙirjinsa ya fara riƙewa, ƙafafu suka kumbura. Likita a Kano bai ɓoye masa ba: zuciya ce ta gaji, ya ajiye keke, ya ajiye fartanya. Mumini ya ce to. A ransa kuwa abu ɗaya ya ƙudurta, kafin ya kwanta sai ya zauna a gidan Kulu sau ɗaya babu saƙon kowa a bakinsa. Ɗansa Naziru ya ce bari ya kai shi a babur. Ina! Tsohon nan taurin kai gare shi kamar jaki a bakin gada. Ya ce hanyar da ya bi da baƙin labari, da ƙafarsa zai bi ta da alheri.

Ana idar da asuba ya fita, goro da ƙullin daddawa ɗaure a bayan keke. Da fari tafiyar ba wuya, gona na bin gona, an yanke gero an jera dammuna, ko'ina hayaƙin gida. Da ya wuce Kazaure sai ƙasa ta fara tashi. Jan dutse, tsakuwa, hawa bayan hawa. Inda da yake miƙewa kan feda ya haye, yanzu sauka yake ya tura, ya tsaya ya dafa sirdi har numfashi ya dawo. Taya ta yi faci, ya zauna gindin wata ƙirya ya liƙe ta. Sai bayan azahar ya gangara garin su Kulu.

Matan da ke bakin rijiya suna hango shi, ɗaya ta ce, "Innalillahi!"

"Lafiya lau," in ji shi, "ziyara na zo."

Wa zai yarda? Ai kullum haka yake cewa.

Kulu ta fito tana dogara sanda, ta gan shi, ta ga keken. 'Yarta Furera a Gidan Maje take aure, ga ta da tsohon ciki. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, rabinsa ya zube a hanya. Mumini ya sha, ya tambaye ta amfanin gona, ya tambayi awaki. To me baƙo zai tambaya in ba wannan ba? Shi yana jin daɗi a ransa, bai lura kowace tambaya yankar ta take ba. Maƙwabta suka fara shigowa ɗaya-ɗaya da mayafai, suna zama jikin danga shiru.

Da ya miƙe zai tafi la'asar ta damƙe masa riga.

"Mumini, don girman Allah kada ka yi mini irin taka. Furera ce?"

"Wallahi Yaya, jiya na bar ta tana sussuka."

"Naziru? Mai ɗakinka?"

"Kowa lafiya."

"To me ya kawo ka?"

"Ke. Ganinki na zo yi."

Ta zuba masa ido. Can sai ta fashe da kuka, ta ɗirka masa duka a kafaɗa. "Ja'iri! Ka kusa kashe ni a zaune!" Kukan ya juye dariya, har tana tari. Matan suka karkaɗe zannuwa suka fita suna salati. Mumini ya ji wani sanyi a ransa wanda bai taɓa ji ba a gidan nan.

Ta miƙo masa buta ta ce ya yi alwala a nan. Ya zauna kan turmi, ya naɗe wando. Nan idonta ya sauka kan ƙafafunsa, sun yi suntum, igiyar takalmi ta nutse cikin nama. Ita ta yi jinyar babansu kafin a aurar da ita, ta san wannan kumburi. Dariyar ta ɗauke.

"Irin na Baba ne?"

Bai iya yi mata ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai.

"To in ta Allah ta kasance, wa zai hawo duwatsun nan ya gaya mini?"

"Naziru zai buga waya, Yaya."

"A'a," in ji ta. Ta koma kan tabarma, ta gyara mayafi, ta matsa ta bar masa wuri. "Ba zan ji naka a waya ba. In ka dawo daga masallaci, zo ka zauna ka gaya mini da bakinka."