Labarin Harawa a Falle Ɗaya

Ranar wata Litinin, mako biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji shida na firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, Malam Sabo ya shigo aji da takardu, ya bi mu yana ajiye wa kowa falle ɗaya tak. Ya ce kowa ya rubuto ƙagaggen labari, wanda ya fi kyau shi za a karanta a gaban iyaye ranar ba da hutu. Da ya iso kan bencina sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa, ya ce, “Dije, da ke nake. Gaba da baya ne kawai. In kin wuce layin ƙarshe, ba zan duba ba.” Aji ya fashe da dariya, ni kuwa gabana ya faɗi.

Dariyar tana da dalili. Ni ce yarinyar da ke cinye littafin rubutu sukutum a kan labari guda. Labaran nawa duk na gano mai laifi ne: abu ya ɓace, gari ya rikice, a zargi wannan a zargi wancan, sai a shafin ƙarshe asiri ya tonu. Lokacin tara, ƙawayena kan bar carafke su kewaye ni a gindin darbejiya ina karanta musu, wani labarin mu yi mako ba mu gama ba. A ganina tsawon nan shi ne duk gwanintata. In aka cire shi ban san me zai rage ba, kuma ina tsoron in sani.

Baba ba ya cikin masu sha'awar abin, don sau biyu yana kama ni na cika littafin lissafi da labari. Da Inna ta ba shi labarin gasar, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, “In aka karanta naki, na ƙyale ki. In ba a karanta ba, daga ranar littafi na darasi ne kawai.” Baba kuwa ba ya magana biyu.

Labarin da ke kaina na harawa ne. A wajenmu, in an gama roron wake, akan ɗaure harawa a ɗora a reshen bishiya, inda akuya ba ta kaiwa. A labarin, harawar wani tsoho ce take raguwa kullum, ba a kwance igiya ba, ba kuma sawun mutum a gindin bishiyar, sai wasu alamu masu faɗi a ƙasa da kowa ya ɗauka mazaunin tulun mata ne. Na tanadi mutum bakwai da za a zarga, da faɗa a bakin rijiya, da biki, da wani falke da za a bi har kasuwar Dawanau. Na gwada a tsohon littafi, na ƙanƙance rubutuna ya koma kamar jerin kiyashi, amma kafin a taɓa harawar ma shafi biyu sun cika. Kwana huɗu ina wannan fama. Ina shara hankalina yana can, ina jan ruwa har na saki guga a rijiya na sha faɗa. Na ɓuya bayan rumbu na yi kuka mai isata, na yanke cewa zan mayar da takardar fara fes in ce ciwon kai nake.

Ranar Asabar aka aike ni gona da furar Baba. Gonakin ƙauyenmu manne suke da juna, layin gamba ne kawai ke nuna iyaka. Na tarar da shi a sunkuye yana rage gero. Kowane rami ya tsiro cunkus, kore shar, shi kuma yana bi yana tsige su yana barin uku. Da ma haushinsa nake ji, sai na ce, “Baba, ai waɗannan da kake cirewa lafiyarsu ƙalau.” Bai ɗago ba, ya ce, “Ƙalau suke. Ramin ne ba zai iya da su duka ba. In na bar su, duk ganye za su yi, ba zangarniya.” Waɗanda ya tsige kuma bai zubar ba, ya tara su a gefe don ya dasa a inda shuka ba ta fito ba.

Bai san me ya gaya min ba. Da la'asar na zauna a zaure na fara tsiga. Na cire biki, na cire Dawanau, na cire mutum shida. Wallahi na ji zafi, musamman falken nan da na yi kwanaki ina ƙera masa baƙin hali. Da na gama, sai ga layi uku sun rage babu rubutu. Layukan nan sun fi komai tayar min da hankali, don gani nake duk wanda ya kalle su zai ce yarinyar ba ta da abin faɗa. Sau uku ina ɗora biro in cike su, ina fasawa. Haka na miƙa.

Makonnin jira kuwa ko abinci ba na jin daɗinsa. Ranar hutu iyaye suka cika harabar makaranta, Baba yana can baya a tsaye. Malam Sabo ya buɗe takarda bai faɗi mai ita ba. Da na ji ya ambaci harawa, sai na gane takardata ce. Yanzu kuma sabon tsoro ya kama ni, kada ya gama mutane su ce shi ke nan? Saura kaɗan ya kai ƙarshe sai ya dakata, ya tambayi jama'a wa ya ci harawar. Wani ya ce maƙwabci, wata ta ce aljanu, gardama ta kaure tsakanin dattawa. Sannan ya karanta layin ƙarshe: raƙumin fatake ne da ke wucewa da sassafe, yana miƙa wuya ya ci daga sama. Wuri ya kaure da dariya da salati, sannan aka kira sunana.

A hanyar gida Baba yana gaba ina baya. Sai da muka kai iyakar gonarmu ya juyo, ya ce, “Tun daga mazaunin tulun nan na gane. Na yi shiru ne kada in ɓata miki.” Ranar kasuwa ya dawo da sabon littafi, ya ajiye min a kan tabarma, ya ce, “Wannan ba na darasi ba ne.” A ciki na dasa bikin da falken Dawanau.

Yanzu a waya nake rubutu, shafi ba ya ƙarewa, ba kuma mai ƙwanƙwasa min benci. Baba ya rasu, an raba gonar, rabona bai wuce 'yan kunyoyi ba. Har gobe in na zo goge shafin da nake so, gabana yakan faɗi kamar ranar Litinin ɗin nan, sai in tuna shi a sunkuye, hannunsa cike da tsiron da ba shi da laifin komai. Takardar tana nan a akwatina, layuka ukun nan har yau ban cike su ba.