Gudrun Mai Kek da Gyaɗa

Gudrun Thygesen ta shekara talatin da ɗaya tana naɗe takardu a maɗaba'armu da ke garin Vejle. Ba a taɓa ƙara mata girma ba, ba ta kuma nema ba, don mulkinta yana teburin gahawar ƙarfe goma. A wurinmu, wanda ya yi kuskure a aiki, washegari kek yake kawowa ya wanke laifinsa. Gudrun ce ke gasa wa kowa, da gyaɗa barbaɗe a sama, shi ya sa babu asirin da ba ta sani ba. Mijinta ya rasu, ɗanta ya daina kira. Mu ne iyalinta, kuma da tsoro ta riƙe mu.

Sai aka ɗauki Solvej aiki. Ita ko ɓurɓushin gyaɗa ya taɓa leɓenta, maƙogwaronta toshewa yake yi. Ta kawo takardar likita, wakilin ma'aikata ya tuna wa manaja cewa lafiyarta a wuyansa take. Aka manna sanarwa: ba gyaɗa a ɗakin hutu.

"Sannu gimbiya," in ji Gudrun. "Gobe kuma gahawar za a hana mu?"

"Numfashina kawai nake karewa, Gudrun."

"Mu a zamaninmu, ƙaiƙayi sosawa ake yi, ba a kai shi ƙara."

Wata ranar Talata Gudrun ta kawo kek, ta rantse ba gyaɗa. Solvej ta ci, don a nan wanda ya ƙi cin kek ya ƙi mutane. Kafin ta ajiye cokali fuskarta ta kumbura. Da kanta ta caka wa cinyarta allurar gaggawa da take yawo da ita, motar asibiti ta ɗauke ta.

Gudrun ta ce tsautsayi ne, tsohon kwanon gashi ta yi amfani da shi. Tunda kuwa kuskure ne, ranar da Solvej ta dawo, sai ga kek na ban haƙuri. Ta yanka mafi girma ta tura mata.

"Ci mana, 'yar nan. Sau biyu na wanke komai."

Solvej ta miƙa mata biro da takarda. "Rubuta abin da ke ciki, ki sa hannu."

"Ni za ki mayar maƙaryaciya? A gaban 'ya'yana?"

Ba ta taɓa biron ba. Mu kuma Solvej muka harara. Doka ta ba ta faranti nata da wurin ajiye abinci nata, amma ba ta iya sa kowa ya zauna kusa da ita ba. Ƙarshen wata Solvej ta ajiye aiki.

Yankan da ta bari ran nan, ni na cinye. A loma ta biyu haƙorina ya taka gyaɗa. Na ɗaga kai, Gudrun tana kallona. Na haɗiye, na ce mata ya yi daɗi.