Haruffan Ƙofar Motarsa

Da na tashi buɗe shagon ɗinki a Nasarawa Gwom, ban sha wahalar neman suna ba. Abin da ke rubuce a ƙofar motar marigayi maigidana zan sa: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. A wajen zaɓen haruffa ne na sha wuya.

Direban babbar mota ne, yana ɗauko dankali da kabeji daga ƙauyuka zuwa kasuwar Farin Gada. Lokacin da yake nemana, ni yarinya ce mai ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, ina jiran saurayi mai ƙamshin turare. Sai Allah ya haɗa ni da mai warin albasa da baƙin mai. Amma da na hango jajayen haruffan nan sun shawo kwanar layinmu, sai gabana ya faɗi. Kaurara ne, kowanne da faffaɗar ƙafa kamar ya sa takalmin ruwa, daminar Jos ta cinye musu gefe.

An sayar da motar bayan rasuwarsa, ko hotonta ba mu da shi. Tsorona kada ya zama na manta kamannin haruffan.

'Yata tana tsara allunan shaguna a kwamfuta. Ta zaunar da ni, ta fara nuna mini haruffa iri-iri.

"Wannan fa, Umma?"

"Ya rame. Babanki ba ya son abu mai kama da yunwa."

"Wannan?"

"Ke! Sai rangwaɗa yake kamar ƙawar amarya."

"To Hajiya mai shago, yau a nan za mu kwana ke nan."

Can ta samo masu kauri, masu ƙafa. Ta yi musu ja, ta danna wani abu, suka tsufa nan take. Sun yi kama, amma tsufan ya bi ko'ina daidai, kamar an barbaɗa gishiri. Na ce ba su ba ne. Ta tambaye ni abin da ya rage, na kasa faɗa. Na rufe ido ina neman ƙofar, ta ƙi zuwa. Hawaye suka taru mini.

Sai na bar ƙofar, na nemi mutumin. Ga shi ya diro, yana gyara hula. Kafin ya nufo ni yakan bubbuga ƙofar da tafin hannu, kamar mai lallashin doki. Kullum wuri ɗaya, a kan harafin ƙarshe, har fentin wurin ya kusa ƙarewa.

"Goge na ƙarshen nan," na ce. "Bar inuwarsa kawai."

"Umma, mutane za su ce ban iya aiki ba."

"Su ce."

Ta yi ta gogewa a hankali, har na ce ya isa. Ban san lokacin da na ɗora tafina a wurin ba.

"Za ki ɓata mini gilashi," in ji ta. Amma ba ta janye hannuna ba.