Ranar da Surukata Ta Ga Layi Biyu

Shekarun baya ne, muna zaune a Sabon Tasha, ciki da falo, aurenmu ya shiga shekara ta huɗu ban taɓa ko ɓatan wata ba. Wata nas da muke coci ɗaya ta koya min amfani da tsinken gwajin fitar ƙwai. A tsoma shi a fitsari, layi biyu su fito. In na biyun ya yi duhu kamar na farkon, to kwanakin ɗaukar ciki sun zo. Ni da ko gishirin miya ba na aunawa, sai ga ni kullum a bakin taga ina ƙanƙance ido kamar likita.

A watan nan surukata ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. A falo take kwana, labule ne kawai tsakaninmu. Ba ta taɓa yi min gorin haihuwa ba, amma shirun nata ya fi ba ni tsoro.

Wata rana da la'asar na yi gwajin, layi na biyun ya fito baƙi ƙirin. Na ajiye a taga na fita duba wake a wuta. Da na dawo na same ta durƙushe, tsinken a hannunta, tana waƙar godiya da yarensu. Ta taɓa ganin irinsa wajen autarta, kuma a saninta layi biyu ciki ne.

Wallahi na so in ƙyale ta ko na kwana ɗaya. Na kasa.

Na ce, “Mama, ba ciki ba ne. Wannan lokaci kawai yake nunawa.”

“Lokacin me?”

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaina a sunkuye na yi mata bayani, hawaye na zuba, ina jiran ta saki tsinken ta juya min baya.

Ta sake duban tsinken, sannan ta ce, “’Yata, kenan yau ne?”

Na gyaɗa kai.

“Kuma ni ina nan shimfiɗe a falo kamar maigadi? Miƙo min jakata. Ƙanwata da ke Kakuri ta daɗe tana ƙorafin ban leƙo ta ba.”

Da na raka ta hawa keke napep, ta riƙe hannuna ta ce, “Shekara shida na yi kafin na haifi mijinki. Ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni wuri.”

Watan nan ban samu ciki ba, sai bayan shekara ɗaya da wani abu. Mama ta rasu yarinyar da na haifa tana rarrafe. Har yau ina jin ciwon kwanakin da na ɓata ina tsoronta. Na ɗauka lissafa min watanni take yi, ashe ta san zafin tambayar haihuwa ne, shi ya sa ba ta taɓa yi min ita ba.