Mutumin da Ke Ƙarƙashin Geronmu

Shekarar da aka karɓi gonarmu da ke kan hanyar Darki don a gina wa ɗalibai ɗakunan kwana, na ɗauka da katafila za a fara. Sai ga wasu mutane da igiyoyi da 'yan cokulan magina, wata mata mai gilashi ce shugabarsu. Ta ce kafin a zuba harsashi sai sun duba ko ƙasar ta ɓoye kayan mutanen da. Ni da nake koyarwa a firamare ma ban gane ba, balle mahaifina. Mutum da girmansa ya durƙusa yana share ƙasa da buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Haushi suka riƙa ba ni, don gani nake ana wasa da gonar da ta ciyar da mu.

Mahaifina kuwa kullum yana gindin tsamiya yana kallonsu. Da farko fasassun tukwane suka yi ta fitarwa, shi kuma yana dariya, wai da sun tambaye shi da ya cika musu kwando. Ranar da suka tarar da ƙasusuwan mutum, dariyar ta ɗauke.

Na leƙa ramin. Mutumin yana kwance a dunƙule, gwiwoyi a ƙirji, da ƙaramar tukunya kusa da kansa, fuskarsa tana kallon yamma. Mu kuwa gabas muke fuskantar da mamaci. Mahaifina ya taso da labarin cewa kakansa, malami mai allo, shi ya sare dajin nan. To wannan kuma wane ne? Shugabar ta ce mai yiwuwa ya girmi kakan nesa ba kusa ba, mai yiwuwa kuma namu ne, sai an kai shi ɗakin bincike. Duk abin da aka tambaye ta, amsarta ke nan, har na fara ganin ita ma kanta a ɗaure yake.

Tarihi bai dami tsohon ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne ga ɗan'adam an tone shi ba ko ƙyalle a jikinsa, kuma shekara da shekaru muna cin geron da ya fito a kansa. So yake a suturta shi a mayar. Masu gini suka ce harsashi ta nan zai bi. Liman ya jinjina kai ya ce sutura babu laifi, amma salla ba zai yi wa wanda bai san addininsa ba. Aka juyo gare ni, wai ni ne ɗan boko.

Ranar Juma'a mahaifina ya ja ni kasuwa wajen mai yadi, ya ce a yanka masa likkafani. Mai yadin ya yi mana ta'aziyya, sannan ya tambaya, na namiji ko na mace?

Mahaifina ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ko wannan ma, shugabar ba ta tabbatar mana ba.

"Yanka na mace," in ji shi daga baya. "Ya fi yawa. In namiji ne ba zai rasa ba."

Da muka kai wa shugabar yadin, na zaci za ta ƙi. Ta daɗe tana duban farin yadin, sannan ta ce binnewa ba a hannunta take ba, amma ta yarda a shimfiɗa shi a cikin akwatin da za a tafi da mutumin. Da hannunsa mahaifina ya lulluɓe ƙasusuwan. Aka rufe, aka sa a bayan mota.

Da motar ta tashi, sai ya bi bayanta a hankali, shi kaɗai, kamar mai rakiyar gawa, bakinsa yana motsi. Ya kai har iyakar gonar ya tsaya. Tausayinsa ya kama ni, na je na same shi.

"Baba, addu'ar me ka yi masa? Liman fa ya ce ba a sani ba."

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Cewa na yi, Allah kai ka san bawanka, ni dai a gonata na same shi."